Likita Mila na Zariya da Mutanen Gimi

Waɗanda suka fito daga Karaye da Rogo a cikinmu sun san hanyar nan da ta yi kudu, ta ƙetare iyakar Kano ta faɗa ƙasar Zazzau wajen Maƙarfi, inda ake cin kasuwar rake da mazarƙwaila. A wannan ƙasa akwai wani gari wai shi Gimi, kusa da hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Zariya da Kano. Mutanenmu da yawa sun sha ratsa shi da kaya a ka ko bisa jaki, ba su san cewa a nan aka taɓa kafa ƙauyen Hausawa masu bin Almasihu ba, ba su kuma san yadda ƙauyen ya ƙare ba. Labarin ƙauyen nan kuwa ba ya faɗuwa sai an haɗa da na mutumin da aka kafa shi a hannunsa, watau Walter Miller, wanda bakin Hausa ya mayar Likita Mila. Shi muka zaɓa mu ba da labarinsa a wannan fitowa, domin mun sha yin gardama a ɗakin kwana a kan ko mutum yana iya riƙe farin ciki alhali duk abin da ya sa hannu a kai yana rushewa, muka ga gara mu kawo rayuwar mutum guda mu duba.

An haifi Mila a 1872 a wani ƙaramin gari da ake kira Honiton, a ƙasar Devon ta Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan, inda da ya so zama da ya sami abinci da suna cikin sauƙi. Amma a zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya cika majami'un Ingila: ana faɗin girman Kano, da kasuwarta, da rininta, da yadda harshen Hausa ya bi fatake har Bahar Rum. Ana kuma faɗin waɗanda suka nufo ta suka mutu a hanya. John Alfred Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892, sa'an nan a 1894 Thomas Kent ya mutu a Bida, Walter Gowans kuwa a Girku. Duk wannan Mila ya sani sarai sa'ad da ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS. Saurayi ne, kuma likita, ya fi kowa sanin abin da zazzaɓi da atuni suke yi wa Bature a ƙasar zafi.

Kafin ya zo sai aka aike shi Tarabulus tare da abokai biyu, Richardson da Dudley Ryder, su koyi Hausa, gama a can akwai Hausawa da yawa, fatake da alhazai da 'yantattun bayi. A nan ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid Tafida, wanda ya fito da ubansa za su Makka, uban ya rasu a hanya. Yaron nan ya zama malaminsa na Hausa, daga baya kuma ya zama kamar ɗansa. Abin lura ne cewa Hausar da ta ƙare a cikin Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu ta fara shiga kunnen mai fassararta daga bakin maraya, a gari na baƙunci ga su biyun duka.

A farkon 1900, shekarar da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, suka tashi daga Ikko su biyar: Bishop Tugwell shi ne shugaba, sai Mila, da Richardson, da Ryder, da Burgin. Tafiyar ƙasa ce, ta ƙasar Yarbawa, suka haye Kwara a Jaba, suka iso Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su da mutunci. Daga nan suka matsa sai Kano, suka shiga a watan Afrilu. Sarkin Kano Alu Babba bai ɓoye musu fushinsa ba. Sun zo ba da izninsa ba, ba su kuma da takardar Sarkin Musulmi, saboda haka ya yanka musu 'yan kwanaki su bar masa gari. Mu da muke karanta labarin a yau bai kamata mu yi saurin zargin Sarki ba. Yana jin motsin sojan Turawa a kudancinsa, ga kuma waɗansu Turawan a zaurensa suna cewa su malamai ne da likita. Wane sarki ne zai iya rarrabe waɗannan da waɗancan? Shekara uku bayan haka, a 1903, sojan suka ci Kano, Alu kuwa ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja a 1926.

Suka juyo a kunyace suka sauka a Girku, kudu da Zariya, garin nan da Gowans ya mutu shekara shida da suka wuce. Ba a daɗe ba atuni ya kama Dudley Ryder, abokin da suka zauna ɗaki guda a Tarabulus suna haddace kalmomi, ya mutu Mila yana kansa, ilimin Landan bai hana ba. Richardson ya yi ciwo aka mai da shi gida. Bukkokinsu suka ƙone. A ƙarshe aka janye sauran zuwa Loko, bakin Binuwai. Shekarar farko ke nan: ba mutum ɗaya da ya karɓi abin da suka kawo, sai kabari guda da suka ƙara wa Girku.

Mutum mai hankali zai ce a nan ya kamata a tsaya. Mila ya je Ingila ya warke, ya buga ɗan littafin nahawu mai suna Hausa Notes a 1901, ya kuma dawo. A cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi a shekarun nan har da G. P. Bargery, wanda ƙamus ɗinsa na 1934 yake ɗakin karatunmu, da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa. Su biyun duka daga baya suka koma aikin gwamnati. Mila ya tsaya inda yake, har a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, ya shiga fassara.

Nan ma abin bai tafi yadda ya so ba. Ya shirya da Lugga a kafa makarantar 'ya'yan sarakuna a hannunsa, amma Lugga ya bar ƙasar a 1906, waɗanda suka gaje shi suka ga ba za a ba ɗan mishan 'ya'yan Musulmi ba, aka ba Ɗan Hausa aikin, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Razdanoni da yawa suna ganin Mila ƙaya ne a ƙafarsu. Masu zuwa shan magani suna da yawa, masu karɓar baftisma kuwa ana ƙirga su da yatsu, wanda ya karɓa kuma sau da yawa ya rasa gida da dangi.

Tilas mu faɗi aibinsa, gama in mun ɓoye, labarin ya zama yabon maroƙa. Mila mutum ne mai zafin rai da kaifin baki. Ya goyi bayan cin ƙasar nan da yaƙi, yana ganin ta haka za a kashe cinikin bayi. Ya rubuta maganganu masu ɗaci a kan sarakuna da kan addinin maƙwabtansa, waɗanda 'yan'uwanmu Musulmi na wannan makaranta ba za su ji daɗin karantawa ba, mu ma ba mu ji ba. Ya yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu Ɗan Sidi, mutumin da ya ba shi masauki, a kan zaluntar talakawa, masana tarihi kuma suna lissafa bakinsa cikin abubuwan da suka sa aka tuɓe Sarkin aka kai shi Lakwaja. Wani zai ce tausayin talaka ne ya sa shi, wani ya ce ya wuce gona da iri, mu dai muna ganin duka biyun gaskiya ne. Saboda haka in muka yi zancen farin cikinsa, kada wani ya zana wani tsoho mai sanyin hali da murmushi kullum. Ba haka yake ba. Abin da muke nufi shi ne wani abu a ƙarƙashin halin nan mai zafi wanda hasara ba ta iya ƙafar da shi ba, kamar rijiyar fadama da ba ta ƙafewa da rani ko da bakinta ya tsattsage.

To, yanzu mu koma Gimi, sai dai tilas mu fara ja da baya zuwa Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka yi zancen Annabi Isa, har ya ɗaukaka shi fiye da yadda sauran malamai suka yarda, ya kuma tara almajirai. Bai taɓa ganin ɗan mishan ba. Kamar yadda labarin ya zo, aka neme shi ya janye ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kurmi wajen 1867. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Ana ce da su Isawa. Suka riƙe abin da malaminsu ya bar musu, har da begen cewa wata rana waɗansu za su zo da cikakken labarin Isa. Shekara arba'in da 'yan kai suna jira.

A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka yi sallama a ƙofar Mila a Zariya. A tuna fa, shekara 13 ke nan yana shuka a kan fako, sai ga mutane sun zo da ƙafarsu, masu karatun allo, Hausawa tsantsa, suna neman a karanta musu Linjila. Aka yi ta kai da kawowa tsakanin Zariya da ƙauyukansu, har aka ga ya fi kyau a tara su wuri guda, inda za su yi noma, su yi sujada, 'ya'yansu su yi karatu ba mai tsangwamarsu. Aka ba su fili a Gimi a 1914. Shekara ce mai wuya ƙwarai: yunwar nan da Kanawa suke kira Kakalaba tana cin ƙasa, a Turai kuma babban yaƙi ya tashi. Duk da haka suka sare daji, suka yi ɗakuna da majami'a da makaranta. Wanda ya zauna tare da su yana koyarwa shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, jikan waɗanda aka kwashe daga Afirka cikin jiragen bayi. Mutanen ƙauyen suka haura ɗari. In akwai lokacin da Mila ya ga abin da ya baro Landan dominsa da idonsa, to, wannan ne.

Amma a kurmin bakin rafin da suke ɗiban ruwa akwai ƙudan tsando. Ga waɗanda ba su kai ajin kiwon lafiya ba tukuna, ga yadda abin yake. Ƙudan yana cizon mai ciwo ya ɗauki ƙwayar, ya ciji mai lafiya ya zuba masa. Da fari sai zazzaɓi da ciwon kai, kaluluwa ta fito a bayan wuya, mutum ya ɗauka abin wucewa ne. Bayan watanni, wani lokaci har shekara ta juyo, ƙwayar ta kai ga ƙwaƙwalwa: sai mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ko da loma a hannu, ya kasa barci da dare, ya rame, hankalinsa ya gushe, daga nan sai mutuwa. Shi ne ciwon barci. Wurin da mata suke wanki da yara suke wanka, nan ne ƙudan yake jira, saboda haka ba gidan da ya tsira. Magungunan da suka fi tasiri a kansa ba su shiga hannun likitoci ba sai a shekarun 1920, aikin sare kurmi da ta da garuruwa da gwamnati ta yi a Anchau, har aka gina Takalafiya, bai zo ba sai ƙarshen shekarun 1930. Mutanen Gimi sun riga maganin zuwa. Kafin ƙauyen ya cika shekara goma mafi yawansu suna ƙarƙashin ƙasa, aka kwashe waɗanda suka rage, yawancinsu yara, zuwa Zariya.

Mun daɗe a kan wannan wuri muna tunani. Ciwon yana ko'ina a ƙasar nan a lokacin, ba Gimi kaɗai ya ci ba. Amma mutanen nan da suna warwatse a ƙauyukansu, kiran bishara ne ya tara su a bakin rafi guda, wanda ya kira su kuwa likita ne, ga shi ba shi da abin ba su. Maƙwabta kuma ba za su rasa cewa ga sakamakon barin hanyar iyaye ba. Wannan nauyi ya isa ya karya mutum, ko ya mai da shi mai ɗacin rai ga Allah. Su kansu Isawa, da suka jira shekara arba'in, suka sami abin da suke jira, sa'an nan suka shiga binne juna, suna da hujjar da za su ce an yaudare su, su koma inda suka fito. Waɗanda suka tsira ba su koma ba. Daga cikinsu da 'ya'yansu aka sami ginshiƙan ikilisiyar Hausa ta Zariya.

A nan muka ga bambancin jin daɗi da farin ciki, abin da muke ta gardama a kai. Jin daɗi yana bin abin da ya samu, kamar yadda inuwa take bin bango. In bangon ya faɗi ta tafi. Da a kan yawan mutanen Gimi Mila ya kafa zuciyarsa, da ta shiga kabari tare da su. Bangaskiyar da shi da su suka riƙe ita ce Almasihu ya mutu ya tashi, waɗanda suka mutu suna nasa kuma ba su ɓace ba, aikin ma ba nasu ba ne balle hasararsa ta zama ƙarshen magana. Mai irin wannan bangaskiya yana kuka, yana fushi, Mila kuwa ya yi duka biyun, amma gari na wayewa sai ya koma teburinsa. Abin da ke kan teburin nan a shekarun kuwa fassara ce. Sai mu tuna cewa mutumin da ya binne Ryder ya kuma ga ƙarshen Gimi shi ne ya zauna yana neman kalmomin Hausa da za su ɗauki littafin Ayuba, da Zabura, da wasiƙar nan ta Bulus zuwa ga Filibiyawa, wadda aka rubuta a kurkuku amma zancen murna ya cika ta.

Hasara ɗaya ta rage masa. Gwamnati da fada sun daɗe suna so mishan ta fita daga cikin birnin Zariya, waɗansu sababbin ma'aikatan CMS kuma suna ganin a waje za a fi samun filin asibiti da makaranta. Mila ya fi son zama a cikin ganuwa, tsakiyar mutane, inda ya yi shekara ashirin da 'yan kai. Ba ra'ayinsa aka bi ba. A 1929 aka koma Wusasa, gindin dutse, yamma da birni, ƙarƙashin Guy Bullen, aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, tana nan har yau. Mila ya koma Kano, garin da aka kore shi a 1900, ya ƙarasa aikinsa na fassara.

A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, da rubutun boko, ƙungiyar buga Littafi ta Ingila ce ta buga. Ba shi ne ya fara ba: J. F. Schön, wanda ya yi aikin Hausa tare da Dorugu, ya fitar da Sabon Alkawari tun 1880, sai dai Hausarsa ta yi wa mutanen ƙasa nauyi. Ba kuma shi kaɗai ya yi ba, gama ma'aikatan SIM da SUM sun zauna tare da shi, ga kuma Hausawan da ya yi ta tambaya kalma kalma, waɗanda sunayensu ba su hau bangon littafin ba. Amma shi ne ya ɗauki mafi nauyin kayan, shekara wajen talatin. Littafin nan ya shiga inda Mila bai taɓa takawa ba. Ya hau dutsen Jos, ya gangara Binuwai, kabilu masu harsuna dabam dabam suka riƙa sujada da shi. Da aka buɗe wa SIM ƙasar Kano a shekarun 1930, suka kama aikin kutare a Yadakunya suka kuma shiga ƙauyuka, da shi suka shiga. Ta haka ya kai gidajen Maguzawa na yammacin Kano, har Karaye da Rogo, inda kakannin waɗansunmu suka fara haɗa baƙi a cikinsa da fitilar aci-bal-bal. An yi sabuwar fassara daga baya, amma tsofaffinmu da yawa da Hausar 1932 suke addu'a.

Yaran makarantarsa ma ba su tashi a banza ba. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, da John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi. Mila bai yi aure ba. Yaran nan su ne iyalinsa.

Ya ajiye aikin CMS a 1935 ya koma Ingila, ya rubuta labarin shekarunsa cikin wani littafi mai suna Reflections of a Pioneer, wanda ya fito a 1936. Zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ya dawo Nijeriya da tsufansa, ba shi da muƙami a mishan, yana koyarwa yana rubutu, bakinsa kuma bai yi sanyi ba, gama a 1947 ya sake fitar da littafi yana tuhumar mulkin Turawa a kan abin da ya kasa yi wa talakan ƙasar nan. A ƙarshe ya zauna a Bukuru, kusa da Jos. A can ya rasu a 1952, yana da shekara 80, aka binne shi a Jos, shekara 52 bayan ya binne Dudley Ryder a Girku.